Masu fasa salansar babur: kwalliya ce ko cutar da maƙwabta?

Baban Ilham: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni, kuma don Allah masu babur kar ku ɗauka da zafi. Shin akwai doka a ƙasar nan da ta hana mutum fasa salansar babur ɗinsa, ko kuwa kowa abin da ya ga dama yake yi? Don mu dai a layinmu abin ya wuce wasa, samari sun mayar da layin filin gwaji, sha ɗayan dare sha biyu sai ka ji an murɗa totur tun daga bakin titi har ƙarshen lungu, wani ma sai ya zo daidai tagar mutane sannan zai sa babur ɗin ya yi harbi tau tau. Hajiyarmu tana fama da hawan jini, ga jaririya a gida. Ni ba na gaba da kowa, ni ma babur nake hawa zuwa aiki, so nake in san a kan me zan tsaya idan zan yi magana.

Abba Boxer: Wa alaikumus salam Baba. Gsky ni ina cikin masu gyaran salansa kuma ba zan ɓoye ba. Amma fa ku gane wani abu, babur ɗina ne, da gumina na saya, na yi masa fenti na sa masa sitika na canza fitila na ɗaura sabon kushin, to don na canza masa murya shi ne ya zama laifi? Mai mota yana sa sifika har gilashi yana rawa ba a ce komai, mai janareto ya kwana yana yi mana ƙugi ba a ce komai, gidan biki DJ har asuba, sai ɗan talaka mai babur ne kullum abin magana

Maman Walid: Abba ɗana ai ba wanda ya ce fentinka ya hana shi barci. Ka yi masa kalar da ka so, ka rataya masa tuta ma in kana so. Kunnenmu kawai muke roƙo.

Abba Boxer: Mama ni fa ba na yi da dare wlh

Maman Walid: Kowa haka yake cewa, to su waye suke yi, aljanu?

Oga Sifana: Hhhh Hajiya kin gama magana. Bari in shigo a matsayina na bakanike, don ni ake kawo wa baburan nan bayan mai walda ya gama ɓarnarsa. Yawancin yaran nan abin da suke yi shi ne a yanke gindin salansar a zare hanjin cikin a mayar a liƙe, wasu ma bututun ruwa kawai ake lanƙwasawa a walde musu. Shi kuwa cikin salansa ba banza kamfani ya yi shi ba, ɗakuna ne a ciki da bututu mai huji-huji, hayaƙi ya shiga nan ya juya can ƙarfinsa ya karye kafin ya fito, kuma an auna kafireta ne daidai da wannan hanyar. Ranar da ka buɗe ta wayam lissafin iska da mai ya rikice, galibi sai mai ya yi wa injin kaɗan, ya riƙa ɗaukar zafi fiye da ƙima. In kana so ka gani da idonka kwance fulogi ka duba bakinsa. Lafiyayyen inji za ka ga bakin fulogin ruwan ƙasa-ƙasa, na mai fasasshiyar salansa kuwa sau da yawa fari fat kamar an barbaɗa toka, wani har ya fara cinyewa. Daga nan sai bawul, musamman na fitar hayaƙi, shi yake fara ƙonewa. Sai yaro ya zo yana cewa Oga babur ba ya tashi da safe sai na tura, to ina zai tashi.

Kuma maganar wai yana ƙara gudu, Abba ka yi haƙuri, Boxer 100 ƙarfinta bai kai doki 10 ba daga kamfani. Ko ka cire salansar gaba ɗaya ka jefar ba za ta zama wani abu ba, asali ma jan da take yi daga ƙasa raguwa yake, ka ɗora mata buhu biyu ka hau gada ka gani. Ƙarar ce take yaudarar kunnenka ka ɗauka gudu kake.

Abba Boxer: Oga ai ni nawa an canza jet ɗin kafireta, wato ɗan bakin da yake sakin mai, ba irin na 'yan lungu ba ne. Kuma akwai maganar da ba ku taɓo ba, ƙarar nan tana ceton rai. Ku da kanku kun san yadda 'yan adaidaita suke yanko hanya ba sigina ba duba madubi, in ba su ji ka ba sai dai a kwashe ka

Mai Fawa Baik: Wannan magana ta cewa ƙara tana ceton rai ba a Kano aka fara ta ba, masu babur ƙirar Harley a Amurka sun daɗe suna rubuta ta a riga da sitika. Ni babban babur nake hawa, muna fita Abuja zuwa Kaduna zuwa Jos da abokai, kuma na taɓa sa salansa mai ƙara, don haka ba labari nake ji ba. Matsalar ita ce bakin salansa baya yake kallo. Wanda zai buge ka kuwa yana gabanka ne ko yana fitowa daga gefe, mai motar da ya ɗage gilashi ya kunna AC da rediyo ba zai ji ka ba sai ka zo daidai ƙofarsa, lokacin kuma ba abin da jin zai ƙara sai firgita, wani ma firgitar ce take sa ya karkato kanka. Wanda yake shan ƙararka sosai shi ne wanda ka riga ka wuce, da mai shago a bakin titi, da mai barci. In da gaske tsira kake nema ka kunna fitila ko da rana, ka gyara hon, ka gyara birki, ka sa hular kwano. Nawa ne cikin masu cewa ƙara tana ceton rai suke da hular kwano? Ka amsa min tsakani da Allah, kana da ita?

Abba Boxer: Yaya, zafin Kano fa

Mai Fawa Baik: To ka gani.

Lauyan Lungu: Baban Ilham bari in amsa ainihin tambayarka kafin a tafi da zancen wani wuri. Eh akwai doka, ba ma ɗaya ba. Hukumar NESREA mai kula da ƙa'idojin muhalli, wadda aka kafa a 2007, tana da dokar ƙayyade ƙara tun 2009, ta raba wurare ta ce ga iyakar ƙara kusa da asibiti da makaranta, ga ta unguwar zama, ga ta wajen masana'antu, kuma iyakar dare ta fi ta rana tsanani. Sannan dokar hanya ta ƙasa ta 2012 wadda hukumar kiyaye haɗurra take aiki da ita ta wajabta abin hawa ya kasance da salansa mai aiki. A Legas hukumar muhallinsu LASEPA ta sa desibel (ma'aunin ƙarfin ƙara) 55 da rana 45 da dare a unguwannin zama, kuma su kan rufe wuraren ibada da gidajen rawa a kan haka, ana gani a labarai. Ko ba wannan ba ma, damun jama'a laifi ne da kotun majistare take saurare.

To amma a takarda ke nan. A aikace wa zai auna? Ka taɓa ganin ɗan Karota ko VIO ya ciro na'urar auna ƙara daga aljihu? Kuma awon yana da ƙa'ida, ba wai ka tsaya daga nesa ka ce ya yi ƙara ba. Ana kafa makirfon ne rabin mita daga bakin salansa, a karkace ba saiti ba, a riƙe injin a wani adadin juyi da aka ƙayyade, sannan a karanta. In ba a yi haka ba magana ta koma ra'ayin jami'i, shi kuwa ra'ayin jami'i a bakin titi kowa ya san yadda ake ƙarewa da shi.

Tsohon Ɗan Acaɓa: Yauwa Barista, nan nake jira a zo. Ni tsorona kenan da irin wannan kiraye-kirayen na a sa doka a sa doka. Mu mun ga jiya. A Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnati ta hana goyo a babur a cikin Kano, cikin 'yan kwanaki sana'armu ta mutu, mutum ya kwana da abin ciyar da iyali ya tashi ba shi da shi. Waɗanda suka yi ta'asar su nawa ne, mu da aka hukunta mu nawa ne? Maiduguri tun 2011 aka hana babur ɗungurungum, Abuja cikin gari tun 2006 zamanin El-Rufa'i. Gwamnati a ƙasar nan ba ta iya tsince tsakuwa daga shinkafa ba, zubar da kwanon take gaba ɗaya. Yau ku ce a kama masu fasa salansa, gobe a kafa shinge a kowane shataletale, wanda salansarsa ta huje don tsatsa ba shi da kuɗin sabuwa shi za a riƙa tatsa kullum, ɗan mai kuɗi kuwa ya wuce da fawa baik ɗinsa ana ɗaga masa hannu. Ku tuna hular kwano a 2009, da aka matsa ba mutane ƙwarya suka riƙa kifawa a ka ba? Bayan wata nawa aka daina maganar?

Baban Ilham: Baba na fahimce ka kuma wlh ban yi wannan tambayar don a hana kowa neman abinci ba. Amma kai ma ka san ɗan acaɓa na gaske ba ya fasa salansa, fasinja ma ba zai hau ba.

Tsohon Ɗan Acaɓa: Wannan haka yake. Mu a zamaninmu na Suzuki da Yamaha masu shan baƙin mai, in ka ga an kwance salansa to ƙona ta za a yi. A ɗora ta a kan wuta daskararren hayaƙin da ya toshe ta ya ƙone, a bubbuga da sifana ya zube, a mayar babur ya dawo yana numfashi. Gyara muke nema ba suna ba

Oga Sifana: Allah ya ja kwana Baba, ka tuna min da yarinta, mu ne 'yan hura wutar. Kuma ka ga waɗancan injinan masu bugu biyu su ne ma salansa ta fi yi wa tasiri, don kumburin cikinta yana mayar da man da ya so gudu cikin silinda. Wani injiniya a Jamus ta Gabas, Walter Kaaden na kamfanin MZ, shi ya ƙware a wannan lissafin, har ɗan tserensu Ernst Degner ya gudu a 1961 ya koma Suzuki, shekarar da ta biyo suka ci gasar duniya ta ƙananan babura. Wato masu tseren gaske lissafi suke da tsawon bututu da faɗinsa, ba guduma da kurfi ba.

Anti Nas: Ni ta ɓangaren lafiya zan yi magana don a asibiti nake aiki. Abba kai ne ma na fi ji wa tsoro ba maƙwabta ba, don su wucewa kake yi ka bar su, kai kuwa kana zaune a kan abin kullum. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata suke bi shi ne desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin 3 lokacin rabewa yake biyu, kafin ka kai 100 ya koma minti 15 kacal a rana. Babur mara salansa in aka murɗa shi yana iya kai wa can. Kuma jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa, ba allura ba ƙwaya, 'yan gashin da suke cikin kunne in sun mutu sun mutu. Alamar farko ita ce in ka kwanta da dare ka ji kunnenka yana wiiii shi kaɗai, ko ka ga a taro kana jin ana magana amma ba ka rarrabe kalmomin. Masu injin niƙa da masu walda da yawa haka suke zuwar mana, shekara arba'in amma sai an ɗaga murya.

Ta wajen Hajiyar Baban Ilham kuma, firgita cikin barci tana tayar da bugun zuciya, mai hawan jini ba ya son haka ko kaɗan. Hukumar lafiya ta duniya shawararta ƙarar dare a wajen ɗakin kwana kar matsakaicinta ya wuce 40. Mu a wajen aikinmu ɗakin masu haihuwa yana kallon titi ne, ka lallaɓa jariri da ƙyar ya yi barci uwar da ta sha wahala ta ɗan runtsa, sai wani ya zo ya yi harbin nan, duk ɗakin ya ɗauki kuka.

Abba Boxer: Anti ni kunnena lafiya lau

Anti Nas: Allah ya sa ya ɗore ƙanena. Ka dai ajiye saƙon nan.

Ɗan Kurna: Harbin nan shi ne ya fi ci min rai fiye da ƙarar kanta. Duk wanda yake Kano ranar Juma'a 20 ga Janairun 2012 da bama-bamai suka tashi ya san abin da ƙarar fashewa take yi wa zuciyar mutumin garin nan. Har yau akwai iyayenmu da in taya ta fashe sai sun yi salati sun nemi yara. Kai kuma don nishaɗi ka kashe makulli kana cikin gudu, mai ya taru a bututu, ka kunna ya tashi daram a tsakiyar kasuwa, mata su watsar da kaya a tattake yara kana dariya. In 'yan sanda suna hana nokawut lokacin bukukuwan ƙarshen shekara saboda wannan dalilin, ban ga bambancinsa da wannan ba

Oga Sifana: Kuma wannan wasan makullin shi yake tsaga salansa daga ɗinki, wani lokaci har gasket ɗin wuya ya tafi. Sai su dawo wajenmu dai.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya, muna biye da ku daga nan. Mu ma wajenmu haka abin yake, ranar ɗaurin aure in za a kai amarya samari su fito da moto goma ashirin suna ta wasa suna ɗaga gaba, wani ya tsaya a kan kushin, kuma kusan duk shekara sai an yi jana'iza ko karaya a kan haka. 'Yan kabu-kabu su ba ruwansu, neman na cefane suke. Amma maganar Baba tsohon ɗan acaɓa ta taɓa ni, don mu ma mun ga hanin moto a Diffa daga 2015 da yankin Tillaberi a 2020 saboda tsaro, mutanen ƙauye suka rasa abin kai mara lafiya likita. Shi ya sa ni na fi son a kama mai laifin shi kaɗai. A Faransa abin da suka gwada ke nan, a 2022 suka fara kafa na'ura a Paris da wasu garuruwa, tana da makirfo da yawa da kyamara, in abin hawa ya wuce da ƙara fiye da iyaka ta gane daga ina ƙarar ta fito ta ɗauki lambarsa, tarar da suka tsara yuro 135. Cibiyar Bruitparif da ta ƙera na'urar ta ce moto guda mara salansa in ya ratsa Paris da dare yana iya tada mutum dubu goma daga barci.

Lauyan Lungu: Na'urar tana ɗaukar lamba, to baburanmu nawa ne suke da lamba? Mu fara daga nan tukuna hhh

Ɗalibi a Indiya: Ku zo nan ku ga yadda ake yi ba na'ura ba komai. Nan babur ɗin da samari suke ji da shi shi ne Royal Enfield Bullet, dama can yana da wata murya dum dum dum mai daɗi daga kamfani, amma ba ta ishe su ba sai sun sa wadda take harbi. 'Yan sanda in sun yi kame a nan take ake kiran bakanike ya kwance salansar, a ci mai babur tara, ya je ya ɗauro ta asali. In sun taru da yawa sai a shimfiɗa su a titi ɗaruruwa a kira 'yan jarida a kawo motar daɓe kwalta ta bi ta kai ta mayar da su faranti. Garuruwa da yawa sun yi haka, bidiyon yana nan a YouTube. Abin da ya burge ni shi ne babur ɗin ba a riƙe shi, abin da ya yi laifin shi ake ɗauka, kuma wani lokaci har masu sayarwa da masu ɗaurawa suke bi. Amma kar in yi muku ƙarya, ba a daina ba, bayan an kwana biyu sai ka sake jin su.

Tsohon Ɗan Acaɓa: To wannan na yarda da shi. A cire ƙarfen a bar wa mutum abin hawansa. Amma a nan in aka kai babur ɗinka ofis ka san sauran

Mai Fawa Baik: Akwai kuma inda abin ya faɗa kan marasa laifi ko a Turai. A yankin Tirol na ƙasar Ostiriya mutanen ƙauyukan kan duwatsu sun gaji da masu yawon babur na ƙarshen mako, a 2020 aka hana duk babur da ƙararsa a tsaye ta wuce desibel 95 bin wasu hanyoyi lokacin bazararsu, tara yuro 220. Abin da ake dubawa shi ne adadin da yake rubuce a takardar babur, sai ya zama akwai baburan da ko kusa ba a taɓa su ba, haka kamfani ya fito da su irin wasu Ducati, amma an hana su, wani kuma nasa yana ƙasa da 95 a takarda amma yana murɗa shi kamar mahaukaci ya wuce abinsa. Kuma waye ya jawo? Mu ne masu babur, da aka yi ta roƙo a sassauta a cikin ƙauye ba a ji ba. Shi ya sa mu in mun fita tafiya, da mun shigo gari ko mun zo kusa da asibiti ko masallaci sai a sa babbar giya a sauke totur, babur ɗin da yake ihu a juyi dubu takwas in ka bi da shi a dubu uku ba wanda zai ɗago kai. Rabin ƙarar a hannun mutum take ba a bututu ba.

Ni ba na cikin masu cewa murya ba komai ba ce. Wanda bai hau ba ba zai gane ba, akwai daɗi in inji yana amsa maka. Harley har ofishin rajista suka je a 1994 suna neman a mallaka musu sautin injinsu, sauran kamfanoni suka yi ta ja da su har suka haƙura a 2000. To amma murya daban hayaniya daban. Salansa mai kyau ta kamfani tana da toshi a baki da ake ɗaurewa da noti ɗaya, kuma tana da audugar gilashi a ciki mai shanye kaifin ƙarar ta bar kaurin.

Abba Boxer: To kun ga Yaya ma ya yarda akwai daɗi. Ni matsalata da zancen nan ita ce an haɗa mu duka an yi mana kuɗin goro. Wallahi samarin nan da kuke gani da yawa ba aikin yi, ba filin ƙwallo duk an yanka an sayar, babur ɗin nan shi ne abin da mutum yake da shi da zai ce nasa ne, ya wanke shi ya goge ya fito a gan shi. In an ba mu fili a bayan gari ranar Lahadi mu je mu yi wasanmu wa zai zo lungunku

Malam Na Zaure: Abba maganarka ta fili tana da kyau kuma ina goyon baya, masu kilisa ma ai ana ware musu wuri. Amma rashin fili bai halatta maka lungu ba. Manzon Allah SAW da sahabbai suka ce ba su da makawa sai sun zauna a bakin hanya, cewa ya yi to ku ba hanya haƙƙinta, kuma cikin haƙƙin da ya lissafa akwai kame cuta. Wannan mai zama ne ma, ina ga mai wucewa da abin da yake tada unguwa. Kuma hujjar cewa mai janareto yana yi mai DJ yana yi, ai su ma ba a ce sun kyauta ba, har mu masu lasifikar masallaci in mun wuce ƙima a gaya mana.

Maman Walid: Malam Allah ya saka da alheri da ka haɗa da lasifika, ban so in fara ba ne

Ɗan Kurna: Hhhh Mama a bar wannan sai wani zaman, yau na babur ne

Lauyan Lungu: Baban Ilham shawarata a aikace. Kar ka fara da 'yan sanda, kar kuma ka fito kai kaɗai da dare kana faɗa da yara, haka ake samun abin da ba a so. Ku haɗu magidanta huɗu biyar ku je wajen mai unguwa, a kira iyayen yaran da 'yan sintirin unguwa a sa lokaci, a ce daga bayan isha duk wanda zai shigo layi ya shigo a hankali ko ya kashe ya tura. Ka riƙa ɗaukar bidiyo daga cikin gida mai nuna lokaci. Manhajar auna ƙara ta waya ba hujja ba ce a kotu don ba a daidaita ta ba, amma tana taimakawa wajen nuna wa uban yaro bambancin layin shiru da lokacin da ɗansa ya wuce. In duk an yi haka ba a ji ba sai a rubuta takarda zuwa ofishin 'yan sanda na yanki da sa hannun mai unguwa, lokacin ba wanda zai ce ka yi gaggawa. Kuma ku guji abin da wasu layukan suke yi na ɗaura igiya ko haƙa rami ko zuba wani tudun siminti mai kaifi ba fenti ba alama, in yaro ya faɗi ya mutu ku ne a ciki.

Baban Ilham: Na gode Barista, wannan ita ce amsar da nake nema. Biyu daga cikin yaran ma na san iyayensu, sahu ɗaya muke sallah. Zan fara da su kafin mai unguwa.

Amarya Sabuwa: Ni dai tunda aka cire tallafin mai a 2023 maigidana ya koma babur mai caji, wlh sai dai ka ga mutum a tsakar gida ba ka ji shigowarsa ba. Ina ga nan da 'yan shekaru wannan rigimar za ta mutu da kanta

Oga Sifana: Amarya kar ki yi saurin murna, an riga an kawo min wani mai caji wai in ɗaura masa sifika mai kukan fawa baik. Na ce masa ni ba na aikin lantarki

Abba Boxer: Hhhhh wannan ko ni ban goyi bayansa ba. Oga wannan toshin da Yaya ya faɗa, ana iya yi wa tawa? Ba wai na sauka daga ra'ayina ba ne fa, ranar Lahadi zan cire abina. Don dai Mama ta daina ce mana aljanu

Oga Sifana: Ana yi. Guntun bututu ne mai huji a naɗe shi da audugar gilashi a zura, a huda gefe a sa noti lamba goma. Ka kawo ta da safe kafin rana ta yi, kuma ka zo da tsohon jet ɗinka in ba ka yar ba don sai an sake saita kafireta. In ka yar ka taho da kuɗin wani, ba na bashi.

Ɗan Kurna: Oga tunda ana nan, salansar Haojue tana shiga Jincheng ko sai an yi walda? Tawa ta huje ta ƙasa, tun kafin Baban Ilham ya kai ni wajen mai unguwa

Oga Sifana: Ya danganta da wace Haojue ce. Turo min hoton wuyan da inda ake ɗaure ta ta inbox in gani.